Gidauniyoyin attajiranmu da ƙungiyoyin ƙauye: Me ya hana ruwan isa Birnin Kudu da Gwaram?

Duk wanda ya bibiyi tarihin Alhaji Aliko Ɗangote ya san cewa a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya kammala karatun sakandare a shekarar 1978. Tsofaffin ɗaliban makarantar sukan ambaci haka cikin alfahari, kuma babu mai ganin laifinsu. Gidauniyar da ya kafa a 1994, wadda aka sake wa fasali a 2014 aka ware mata dala biliyan 1.25, ana lissafa ta a matsayin mafi girma cikin gidauniyoyi masu zaman kansu a Afirka kudu da Sahara. Wato dai mutumin da ya fi kowa dukiya a nahiyar nan ya sha ruwan Birnin Kudu.

Ban kawo wannan don in ce garin na bin sa bashi ba. Dukiyarsa ce, kuma abin da ya bayar a arewacin ƙasar nan ya wuce a raina. Na kawo shi ne domin ya buɗe mana ƙofar wata tambaya da ta shafi dukkan masu hannu da shuninmu, manya da matsakaita: idan attajiri ya kafa gidauniya da sunansa ko sunan mahaifinsa, ta wace hanya kuɗin ke bi kafin ya isa ga mutumin Kiyako ko Sundimina ko Kila ko Basirka? Kuma me ya sa kusan kullum yake tsallake ƙananan ƙungiyoyin da suka riga suka duƙufa kan aiki a waɗannan garuruwa?

Idan aka duba yadda manyan gidauniyoyinmu ke kyauta, za a ga hanyoyi biyu ne suka fi fitowa. Ta farko gini. Gidauniyar Ɗangote ta gina makarantar koyon kasuwanci a Jami'ar Bayero ta Kano, ta kuma gina ɗakunan kwanan ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Alhaji Abdussamad Isyaka Rabi'u ya ƙaddamar da shirinsa na ASR Africa a 2021 da alƙawarin dala miliyan 100 kowace shekara, ya kuma ba wasu jami'o'i, ciki har da ta Zariya, naira biliyan ɗaiɗai. Hanya ta biyu rabo ne hannu da hannu. Tun a 2011 Gidauniyar Ɗangote ta fara raba wa mata naira dubu goma-goma a Kano, Jigawa kuma na cikin jihohin da suka samu. A azumin 2024 ta raba ƙananan buhunan shinkafa sama da miliyan ɗaya a faɗin ƙasar. Wannan hanya ta biyu gado ce a gidan, domin mahaifiyarsa Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata ta daɗe da yin suna wajen ciyar da mabuƙata a Kano.

Dukkan hanyoyin biyu alheri ne, kuma kowace na da dalilin da ya sa masu bayarwa ke son ta. Gini ana ganin sa, ana yanke masa zare, yana ɗauke da suna shekara da shekaru. Rabo kuma yana kashe yunwar yau, mai bayarwa na ganin fuskar mai karɓa. Sai dai gini yana zama ne a inda ake da jami'a ko babban asibiti, rabo kuwa yana ƙarewa da ƙarewar buhun. Naira dubu goma ta 2011 ta haura dala 60. Yau ba ta kai dala 10 ba. A tsakanin babban gini da buhun shinkafa akwai wani fili mai faɗi da ba a cika shiga ba, kuma a nan ne rayuwar ƙauye take.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Birnin Kudu mutane sama da dubu 300, Gwaram kuma sama da dubu 270. An doshi shekara ashirin da wannan lissafi, mai karatu na iya ƙiyasta yadda abin ya ƙaru. Yawancin waɗannan mutane ba a cikin hedikwatocin biyu suke ba. Suna warwatse ne a ƙauyuka da rugage, wasu a tsallaken kogi, wasu a bayan duwatsu, wasu a kan iyaka da jihar Bauchi. Cibiyar Lafiya ta Tarayya na nan a Birnin Kudu da likitocinta, amma matar da naƙuda ta yi wa tsanani da tsakar dare a ƙauyen da ke da nisan kilomita 30, cikin watan Agusta, matsalarta ta farko ba likita ba ce. Matsalarta wa zai tashi direba, wa zai zuba mai, wa zai ba da jini idan an isa.

A mafi yawan garuruwan nan akwai masu amsa waɗannan tambayoyi, kuma ba ma'aikatan kowa ba ne. Akwai ƙungiyar matan da ke ware wani abu daga adashinsu domin ranar irin wannan. Akwai samarin da suka san rukunin jinin junansu, ana kiran su a waya su hau babur. Akwai kwamitin da ke karɓar naira ashirin ko hamsin a bakin famfon tuƙa-tuƙa domin a sami na sayen roba idan ta cinye. Akwai ƙungiyar ci gaban gari da ke yashe magudanan ruwa kafin damina, da kwamitin makaranta da ke bin gida-gida yana tambayar dalilin da ya sa yarinya ta daina zuwa aji, da malaman Islamiyyar dare da ke koyar da matan aure ba tare da albashi ba. Asalinsu duka ɗaya ne, aikin gayya, wanda ya girmi jihar Jigawa da aka ƙirƙira a 1991, ya girmi Najeriya kanta.

Abin da irin waɗannan ƙungiyoyi ke buƙata ƙanƙane ne har ya kan ba mutum kunya. Kwanon rufi bandir biyu. Batirin na'urar hasken rana. Taya huɗu. Alawus ɗin malamai uku na shekara. Kuɗin da ba zai kai a kira 'yan jarida ba, shi ya sa ma babu mai bayar da shi a tsare. Abin da suke yi shi ne su buga takardar neman taimako, su bi gidajen 'yan siyasa da 'yan kasuwar garin da ke Kano ko Abuja, wani ya ba da dubu ashirin, wani ya ce a dawo bayan salla, wani ya karɓi takardar shi ke nan. Shekara mai zuwa a sake sabon zagaye. Mutanen da ke yi wa al'umma aiki kyauta sun koma tamkar mabarata, kuma mai zuciya ba ya jure wannan fiye da shekara biyu ko uku.

Akwai gidauniya ɗaya a ƙasar nan da ta ɗauki hanya ta uku tun daga farko, ya kamata a yi mata adalci. A 2009 Janar Theophilus Yakubu Ɗanjuma ya kafa gidauniyarsa da dala miliyan 100, ya kuma tsara ta a kan ta riƙa ba ƙungiyoyin cikin gida kuɗi su yi aikin lafiya da ilimi, maimakon ta riƙa yin aikin da kanta. Takan yi shela a nemi tallafi, a tantance, a bayar. Ta fi ba da ƙarfi a jihohin Taraba da Edo da yankin Abuja, kuma ta taimaka sosai wajen yaƙi da makantar da ƙudan kogi ke haddasawa a Taraba. Wannan ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne a Najeriya, da kuɗin ɗan Najeriya, ba sai Bature ya zo ba.

Amma ko da irin wannan gidauniya za ta buɗe ƙofarta ga Jigawa gobe, ƙungiyoyi nawa ne a Gwaram za su iya shiga? Mai neman tallafi daga kowace babbar gidauniya yakan tarar da jerin sharuɗɗa kusan iri ɗaya. Sai an yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC a matsayin ƙungiya mai amintattu, abin da ke buƙatar kundin tsarin mulki, da buga sanarwa a jaridu, da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, da kuɗin lauya. Sai an sami takardar sashen SCUML na hukumar EFCC mai sa ido kan safarar kuɗin haram, domin banki ba zai buɗe asusu cikin sauƙi ba tare da ita ba. Sai lambar biyan haraji. Sai rahoton odita na shekara biyu ko uku. Sannan a rubuta takardar neman tallafin da Turanci, da irin Turancin da ko mai digiri sai ya koya, a tura ta intanet kafin ranar rufewa.

Kowane ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan na da hikimarsa, domin mai kuɗi na da haƙƙin ya kare dukiyarsa. Matsalar ita ce idan aka tara su wuri ɗaya sukan zama rariyar da ke tace mutanen da ba su ake nufi ba. Ƙungiyar matan da ta shekara goma tana kai masu naƙuda asibiti ba ta da ko ɗaya daga cikin takardun nan. Abin da take da shi littafin rubutu ne mai bango ja, da wataƙila shaidar rajista daga sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. Wanda ke da takardun duka shi ne matashin da ke zaune a Dutse ko Kano da kwamfuta a cinya, wanda ofishin ƙungiyarsa ke cikin jakarsa, ya kuma ƙware wajen rubuta abin da masu bayarwa ke son ji. Ba na cewa dukkansu mayaudara ne. Na san masu gaskiya da yawa a cikinsu, wasu ma ɗalibaina ne. Amma ko mai gaskiyar, idan ya karɓi kuɗin, sai ya je ƙauyen ya nemi waɗancan matan su yi masa aikin, ya ba su kuɗin mota da lemo, ya ɗauki hoto, ya rubuta rahoto. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma kuɗin gyaran yana hannun baƙo.

Wannan ba ciwon Najeriya kaɗai ba ne. A taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan ƙasashe da hukumomi masu ba da taimako sun yi alƙawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agajin gaggawa zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida. Shekarar ta zo ta wuce, abin da ke isa gare su kai tsaye bai ko kusanci wannan adadi ba.

Dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa a yanzu shi ne rumbun da aka daɗe ana ɗiba yana rufewa. Jigawa na cikin jihohin da suka fi cin gajiyar taimakon Birtaniya a shekaru ashirin da suka wuce. Shirin PATHS ya yi aiki a fannin lafiya, ESSPIN a fannin ilimi, inda aka horar da kwamitocin kula da makarantu, shirin PRRINN-MNCH kuma ya haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW wajen ɗaukar mata masu naƙuda zuwa asibiti. Da yawa daga cikin ƙananan ƙungiyoyinmu a inuwar waɗannan shirye-shirye suka koyi rubuta bayanin taro da ajiye rasit. To, Birtaniya ta rage kasonta na taimako daga kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5 a 2021, sannan a Fabrairun 2025 ta sanar da cewa za ta sauko zuwa 0.3 nan da 2027. A Amurka kuwa, Shugaba Donald Trump ya dakatar da taimakon ƙasashen waje a Janairun 2025, kafin tsakiyar shekarar ta wuce an rufe hukumar USAID. Mutanen da aka horar suna nan a ƙauyukansu da iliminsu da littattafansu. Abin da babu shi ne ɗan kuɗin da ke motsa su.

Wani zai ce ai muna da zakka. Gaskiya ne, kuma masarautar Dutse, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashinta, ta yi fice wajen tattara zakkar hatsi da dabbobi da kuɗi gunduma-gunduma tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya rasu a Janairun 2023. Tsari ne da ya cancanci yabo, ya kuma tabbatar da cewa mutanen karkara na bayarwa idan sun yarda da hannun da ke karɓa. Amma zakka tana da mutanenta takwas da aka ƙayyade a Suratut Tauba, kuma mafi yawan malamanmu ba su yarda a sayi taya ko a rufe aji da ita ba. Ƙofar da shari'a ta buɗe wa irin wannan aiki ita ce wakafi, wanda malaman fiƙihunmu ke kira hubusi: a tsare asalin dukiya, a riƙa ciyar da amfaninta. Haka Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibar, haka Sayyidina Usman ya yi da rijiyar Ruma a Madina. Abin da Turawa ke kira gidauniyar iyali, idan aka cire masa rigar Turanci, ɗan'uwan wakafi ne na jini. Mu ne muka taƙaita shi ga masallaci da maƙabarta, har ta kai unguwa ɗaya na da masallatai huɗu amma babu famfo mai aiki.

Akwai wani darasi a cikin ayar zakkar da masu gidauniyoyi ya kamata su tsaya a kansa. Cikin mutane takwas ɗin nan har da ma'aikatan da ke tattara ta. Wato addini ya amince cewa isar da alheri yana da tsada, kuma mai yin aikin na da haƙƙi a ciki. Amma sai ka ji mai bayarwa ya ce shi kuɗinsa na aiki ne kawai, kada a taɓa ko kwabo wajen mai ko katin waya ko ladan sakatare. Sakamakon haka ɗaya ne cikin biyu: ko dai aikin ya tsaya saboda babu mai zuwa dubawa, ko kuma a koya wa mutanen kirki ƙarya, su ƙara kuɗin siminti a takarda domin su sami na mai. Na fi ganin laifin mai sharaɗin a nan fiye da na mai rasit ɗin.

Misalin da ya fi kama da halinmu, a ganina, ya faru ne a kudancin Amurka shekara ɗari da suka wuce. Wani attajiri mai suna Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, ya haɗa kai da malamin nan baƙar fata Booker T. Washington a 1912 domin gina makarantu ga 'ya'yan baƙaƙen fata a karkara, a lokacin da hukuma ta yi watsi da su. Bai tura 'yan kwangila daga birni ba. Ya ce duk ƙauyen da ke son makaranta ya kawo nasa kason, ko kuɗi ko fili ko katako ko ƙarfin jiki, hukumar ilimi ta yankin ta yarda za ta riƙe makarantar, sannan shi ya cika. Zuwa 1932 an gina makarantu kusan 5,000 a jihohi 15. Abin lura shi ne kuɗin da talakawan nan suka tara da kansu ya ma ɗara wanda asusun attajirin ya bayar. Kuɗinsa bai maye gurbin gayyarsu ba, ya zama dalilin da ya sa aka kira gayyar. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Bari mu sauko da maganar ƙasa, mu yi lissafi na misali. A ƙaddara wani gida mai rufin asiri daga Birnin Kudu ko Gwaram, ko gidaje uku da suka haɗa hannu, sun ware naira miliyan 50 a shekara. Wannan bai wuce kuɗin kujerun hajji shida ba a farashin 2025, lokacin da kujera ɗaya ta haura naira miliyan 8, kuma muna da attajiran da ke raba fiye da haka duk shekara; ban ce su daina ba, awo kawai nake yi. A ba ƙungiyoyi 40 naira miliyan ɗaiɗai. Miliyan 10 da ta rage a ɗauki ma'aikaci ɗaya ko biyu 'yan yankin, mace da namiji, a saya musu babur, aikinsu shi ne yawo. Takardar neman tallafin kada ta wuce shafi biyu, da Hausa, da boko ko ajami, wanda ma bai iya rubutu ba ya faɗa da baki a rubuta masa. Maimakon rahoton odita, a tambayi ƙungiya abu uku: me kuka yi a shekara biyu da suka wuce ba tare da kuɗin kowa ba, ina littafinku, kuma su wa za su shaide ku? Sannan a je a gani da ido. A ba da kuɗin kashi biyu, rabi a farko, rabi bayan an ga inda na farko ya shiga. Wadda ta riƙe amana a yi mata alƙawarin shekara uku, domin tallafin shekara ɗaya ba ya barin kowa ya yi tsari. Kafin a gama murnar samu an fara fargabar ƙarewa.

Batun rajista da asusun banki ma yana da mafita. Gidauniyar ita ce za ta yi cikakkiyar rajista, ta cika sharuɗɗan CAC da SCUML, ta ɗauki nauyin amsa tambayar hukuma. Ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta su buɗe asusun haɗin gwiwa mai sa hannun mutum uku, wanda yanzu da wakilan banki masu na'urar POS a kusan kowace kasuwa ba abu ne mai wuya ba. Wadda ta girma har ta kai ta tsaya da ƙafarta, a taimaka mata ta yi nata rajistar.

Na san abin da mai kuɗi zai ce, domin na sha jin sa: za su cinye. Wasu za su ci, babu shakka. Cikin ƙungiyoyi 40, zai yi wuya a rasa uku ko huɗu da shugaba zai sayi babur ko ya ƙara aure da kuɗin. Amma a auna wannan asara da wadda ake yi a kwangila ɗaya ta rijiyar burtsatse da aka haƙa ba a kai ruwa ba, aka kafa allo aka tafi. Kuma ƙauye na da wani makamin bincike da birni ba shi da shi, wato kowa ya san kowa. Idan aka sanar a gaban jama'a, bayan sallar Juma'a ko a ƙofar dagaci, cewa an ba ƙungiya kaza naira miliyan ɗaya domin aiki kaza, aka kuma dawo bayan wata shida aka karanta yadda aka kashe, ma'ajin da ya ci zai rasa inda zai sa kansa. Kuɗin da ake ci shi ne wanda aka bayar a ɗaki, tsakanin mutum biyu.

Haɗarin da ya fi damuna daban ne, kuma ba a cika faɗar sa ba. Kuɗi na iya kashe gayya. Mutanen da suka saba fitowa yashe kwata don Allah, ranar da suka ji an ba shugabanninsu miliyan, sai kowa ya naɗe hannu ya ce a biya shi. Ƙungiyar da ta zauna lafiya shekara goma a kan tarin naira ɗari-ɗari sai ta dare gida biyu a kan wa zai zama ma'aji. Ga kuma sababbin ƙungiyoyi da za su tsiro cikin dare ɗaya kamar naman kaza, kowace da hatiminta, da zarar labari ya bazu. Shi ya sa sharaɗin a nuna aikin baya yake da muhimmanci, shi ya sa kuma tsarin Rosenwald na kawo naka kafin a cika maka ya fi kyauta tsagwaronta. Haka nan kada tallafin ya fi ƙarfin mai karɓa. Ƙungiyar da ba ta taɓa riƙe dubu ɗari biyu ba, idan aka danƙa mata miliyan biyar, an cuce ta.

Sai kuma tambayar wa ke zaɓe. Idan aka bar wa masu sarauta kaɗai, za a ga 'ya'yan fada sun cika jerin. Idan aka bar wa 'yan boko kaɗai, za a manta da tsangaya da ruga. Ƙungiyoyin mata, waɗanda a lurata su suka fi riƙon amanar kuɗi, ba sa zuwa taron ƙofar fada, sai an bi su gida. Fulanin da ke gefen gari da masu buƙata ta musamman su ma haka. Kwamitin zaɓe na mutum biyar ko bakwai da ake sauyawa duk shekara biyu, wanda ba a yarda ɗan gidan masu gidauniyar ya fi mutum ɗaya a ciki ba, zai rage wannan. Game da siyasa kuwa, kowa ya san irin gidauniyoyin da ke buɗe ofis shekara ɗaya kafin zaɓe, da hoton mai gida a jikin kowane buhu, su kulle washegarin sanar da sakamako. Mutanen karkara sun gane su sarai, suna karɓa suna godiya, ba sa kuma ɗora wani tsari a kansu. Gidauniyar da ke son a yarda da ita sai ta rubuta a kundinta cewa duk amintaccen da ya tsaya takara ya sauka daga kujerarsa.

Su ma ƙungiyoyin akwai abin da ke wuyansu tun kafin kowa ya zo. Littafin shiga da fitar kuɗi, ko na naira ɗari biyar ne, a rubuta kwanan wata. A raba mai ajiye kuɗi da mai ba da izinin kashewa. A yi zaɓe, kada shugaban da ya kafa ƙungiya ya mayar da ita gadon gidansu. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Birnin Kudu ta BIKOBA, da malamai da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse 'yan asalin yankin, na iya koyar da wannan a zama biyu ko uku lokacin hutu, ba sai an jira kuɗin kowa ba.

Saura magana ɗaya, wadda ita ce ke kashe yawancin ayyukan alherin attajiranmu, wato mutuwar mai gida. Mun sha ganin makaranta ko asibitin sha-ka-tafi da wani bawan Allah ya riƙe shekara ashirin daga aljihunsa, ranar da ya rasu aka zauna rabon gado, ba wanda ya ɗauki nauyin, wurin ya zama kango. Magada ba su yi laifi ba, haƙƙinsu suka karɓa. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma sau da yawa ba a ma rubuta ta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wakafi yana tabbata ne idan mai shi ya fitar da dukiyar daga hannunsa, aka karɓe ta, yana raye kuma yana da lafiya. Idan ya ci gaba da riƙe ta har ciwon ajali ya same shi, ta koma cikin gado. Don haka wanda ke nufin wannan aiki sai ya ware abin da ke kawo kuɗi, ko rumfuna a kasuwar Sara, ko gidan haya a Dutse ko Kano, ko gona, ya rubuta da shaidu a gaban alƙali, ya miƙa wa amintattu, ya bayyana cewa amfanin na ƙananan ƙungiyoyin yankin ne. Wanda kuma yake jin nauyin rabuwa da dukiyarsa har abada, mazhabar ta yi masa sauƙin da wasu mazhabobin ba su yi ba: ya halatta ya yi wakafin na ƙayyadadden lokaci, shekara goma misali, idan wa'adin ya cika rumfunan su dawo gare shi ko ga magadansa.